Ranar da Na Kashe Kaskon Iya Babba

Har yau idan aka yi taron dangi a gidanmu na unguwar Yerimaram a Potiskum, akwai tsofaffin da ba sa kirana da sunana, sai dai su ce "mai kifin nan". Na san ba yabo ba ne. Abin da suke nufi shi ne matar da ta sheƙa wa yayar uwarta ruwa a gaban jama'a saboda kifi. Haka suke ba da labarin kusan shekara talatin ke nan, ni kuwa duk wanda na fara ba nawa sai ya tare ni da nasiha tun ban kai tsakiya ba. To yau zan kai ƙarshe, wanda ya ga dama ya yi nasiharsa bayan na gama.

Yayana, wanda nake bi, ya yi shekara goma sha ɗaya a Legas yana tuƙa wani Bature mai harkar jiragen ruwa. Baturen yana da wani akwatin gilashi a falonsa cike da ruwan teku, da kifaye a ciki da murjani mai rai. Da yake mutum ne mai yawan tafiya, kula da akwatin ta koma hannun direbansa, har Yaya ya fi mai abin sanin abin. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa. Ba a yi wata shida ba ciwon hanta ya kwantar da Yaya, likitoci suka ce gara ya koma gida kusa da danginsa, mu kuma mun san abin da wannan maganar take nufi.

Ya iso a ƙarshen damina, 'yan shekaru bayan an ba mu jihar Yobe, a gaban tirelar wani abokinsa da ke kai shanu kudu daga kasuwarmu ta Potiskum. Muna tsaye a ƙofar gida muna jiran a sauke kujeru da talabijin, sai muka ga ana sauke jarkoki har goma sha biyu, da durom ɗin roba mai batirin mota ɗaure a gefensa, da gilashi naɗe cikin katifa. Baffa, ƙanin mahaifinmu, dillalin shanu ne, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Ya leƙa durom ɗin ya ga kifayen, ya tambaya ko ana cin su. Da aka ce masa a'a, sai ya juya ya shaida wa maƙwabta cewa ɗansu ya yi shekara goma sha ɗaya a Legas ya dawo musu da ruwa. Aka yi dariya, har da Yaya, wanda a lokacin sai an riƙe shi yake iya tsayuwa.

Ni a lokacin aurena ya mutu, na dawo gida ina koyarwa a wata firamare a Bolewa. Jinya ta faɗo kaina, akwatin ma ya faɗo kaina, don Yaya ba ya iya ɗaga jarka. Aka kafa shi a ɗakinsa kusa da tagar gabas, inda hasken safe ke shigowa sosai amma rana ba ta dukan gilashin. Tsawonsa bai kai na dardumar sallah ba. Kifi huɗu ne a ciki: biyu shuɗaye masu rawayar wutsiya, masu faɗan tsiya, ɗaya ruwan lemo mai fararen ɗamaru, sai ɗaya mai zanen baƙi da fari wanda ya fi kowa haɗama. A tsakiya, a kan wani dutse mai ramuka, murjanin yake zaune. Faɗinsa ya kai tafin hannu, launinsa ƙasa-ƙasa, siffarsa ta laimar kwaɗi. Idan ka gan shi kafin rana ta fito sai ka ce guntun fata aka jefar a ruwa. Amma da haske ya shigo sai ya kumbura, ɗaruruwan 'yan siraran hannuwa su fito a bayansa, kowanne da ɗan farin kai kamar furen dogonyaro, suna kaɗawa duk inda ruwa ya bi. Yaya ya ce shekara shida yana rainonsa, tun bai fi ƙwayar goro ba.

Iya, mahaifiyarmu, Babarbariya ce, iyayenta daga Borno suka zo, kuma tana da murjaninta na gado, jajawur, a ƙasan adaka. Ta tsaya ta dubi na Yaya ta ce wannan ba murjani ba ne, an cuce shi. Yaya ya ce mata dangi ɗaya ne, nata gawa ce, nasa ne mai rai. Ta ce Allah ya shirye shi, ta fita.

Wata biyar na yi ina koyon aikin daga bakinsa, yana kwance yana nuni da yatsa. Ya sa na yi wa gilashin alama da jan farce daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya. Idan ruwa ya sauka ƙasa da alamar, hankalin mutum zai ba shi ya ƙara ruwan teku, kuma nan kuskuren yake, don ruwan ne kawai ke tashi, gishirin yana nan bai je ko'ina ba. Sai dai a cika da ruwan sama, wanda muka tara a randuna uku kafin damina ta ɗauke. Ruwan tekun na canji ne: duk sati biyu a zuƙe kaɗan daga ƙasa da tiyo a zubar, a mayar da sabo daga jarka. Abokinsa mai tirela shi ke kawo mana. Idan ya sauke shanu sai ya gangara bakin teku ya cika jarkoki, shi ne kuma ke canza mana batirin da ke juya famfon iska idan an ɗauke wuta. Abinci ɗan kaɗan ne, busasshen jatan lande da nake saye wurin 'yan kudu a kasuwa in daka, iyakar abin da za su cinye kafin a ƙirga ɗari. Ranar da na ji tausayinsu na ƙara musu, Yaya ya yi mini faɗan da har tari ya sarƙe shi, ya ce yunwa ba ta taɓa kashe masa kifi ba, sai dai yawan kyauta.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne hannuna. Ba sabulu, ba man shafawa, ba lalle, ba turare, muddin hannun zai shiga ruwan. Ni da na tashi a ɗakin Babarbariya, inda ko zanin barci sai an turara shi, na koma mace mai kaushin hannu kamar mai dakau. Abokan aikina a makaranta suka yi ta tsokanata wai da wannan hannun ba zan sake samun miji ba. Na ce musu wanda na samu da laushin hannun me ya tsinana mini.

Ba zan ce tun farko ina son abin ba. Ɗawainiya na ɗauke shi, irin ta wankin kayan mara lafiya. Amma akwai safiyoyin da ciwo yake sassauta wa Yaya, in kawo masa kunu, mu zauna mu biyu muna jiran murjanin ya buɗe, ba mai cewa komai. Tun muna yara ba mu taɓa zama minti goma ba mu yi gardama ba, sai a gaban gilashin nan.

Ya rasu a ƙarshen sanyi, wata Laraba da hantsi. Kwana biyu kafin nan ya sa na juya masa gado ya fuskanci akwatin. Bai bar mini wasiyya a kansa ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Abin da kawai ya ce shi ne bazarar Potiskum ce abin tsoro, idan murjanin ya tsallake ta to ya zama ɗan gari.

Ranar sadakar uku, ina can cikin mata ina karɓar gaisuwa, wata daga cikin dangin Iya ta yi abin da kowace mace mai hankali a gidanmu za ta yi. Ta ga ɗakin da aka yi jinyar wata biyar, ga kuma ƙarnin ruwan teku, sai ta cika kasko da garwashi, ta zuba turaren wuta, ta ajiye a tsakiyar ɗakin, ta rufe ƙofa da taga don ƙamshin ya kama. Ba ta san famfon nan iskar ɗakin yake zuƙa yana hurawa cikin ruwa ba. Ni ma ban taɓa kawo abin a raina ba sai ranar. Turaren wutanmu kuwa ba itace zalla ba ne, da mai da sukari ake dafa shi. Da na buɗe ƙofar da la'asar hayaƙi ya tokare ni. Saman ruwan ya yi wani maiƙo mai sheƙi, mai zanen baƙi da fari yana kwance a kan yashi ta gefensa, sauran ukun suna sama suna haki. Murjanin ya janye hannuwansa gaba ɗaya, ya tsuke, yauƙi ya rufe jikinsa.

Ban yi kuka ranar da aka fita da Yaya ba, har mutane sun yi magana. A gaban wannan kifin na yi shi, ina zuƙe ruwa da tiyo ina kuka, har na ƙarar da jarka biyar cikin shidan da suka rage. Kifaye ukun suka farfaɗo. Murjanin kuwa kwana goma sha ɗaya ya yi a rufe, kullum da safe in tsuguna in duba, ba komai. Baffa ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce in daina wahalar da kaina, mai abu ya tafi, abin nasa ma ya bi shi, a kwashe gilashin a ba mai shago ya riƙa jera biredi. Na ce masa ni ban ga gawa ba tukuna. A rana ta goma sha biyu hannuwa kamar ashirin suka leƙo ta gefe ɗaya.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san garinmu ya san zafin da ake yi kafin ruwan farko, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da azahar. Akwai ma'aunin zafi a cikin ruwan, Yaya ya yi masa alama, ya ce idan jan layin ya haura nan ya daɗe, murjani narkewa yake yi. Ba mu da na'urar sanyaya ɗaki, wutar ma sai ta ga dama take zuwa. Dabarar da na yi ta masu randa ce. Na samo buhunan algarara na lulluɓe gefe uku na akwatin, ina jiƙa su da bokiti duk bayan awa guda, na bar ƙofa da taga a buɗe iska ta ratsa ta kansu, sanyin ya kama gilashin. Allah ya taimake ni an yi hutun makaranta. Muddin iska na wucewa, jan layin yana tsayawa ƙasa da alama da ƙyar. Idan aka rufe ƙofar, kafin mutum ya yi sallah ya idar ya fara hawa.

Ga shi kuma an shiga wahalar mai. Tirelar abokin Yaya ta maƙale a kudu sati uku, ya aiko ta bakin wani direba cewa in yi haƙuri. Jarka ɗayar da ta rage na riga na yi canji da ita. Wato ranar da sadakar arba'in ta ƙarato, ba ni da ko kofi ɗaya na ruwan teku a ajiye. Idan hayaƙi ya sake shiga ruwan nan, ba ni da abin da zan wanke shi da shi.

Kwana biyu kafin sadakar na sami Iya a ɗakinta na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce ban hana a yi turare ba, a yi a zaure, a yi a ɗakinta, a yi a duk ɓangaren yamma na tsakar gida, amma a bar mini lungun ɗakin Yaya. Ta saurare ni tana jan carbi, ta ce ita ba ta da bakin hana yayarta. Na gane nufinta, Iya Babba tana tafe daga Maiduguri.

Iya Babba ita ta yaye Yaya. Yana da shekara biyu aka kai mata shi, ya zauna a hannunta har ya isa shiga makaranta, kuma Allah bai ba ta nata ɗan ba. Ciwon ƙafa ya hana ta zuwa jana'iza da sadakar uku. A dangin Iya kaf ba wadda ta kai ta iya haɗa turare, iyayen amare layi suke yi a gidanta. Mun samu labari tun da aka yi rasuwar take haɗa wani na musamman, da hawi da kajiji da sandal da farce, ta ce na ɗanta ne, ba inda za a kunna shi sai a ƙofar ɗakinsa. Ina faɗin wannan ne don kada a ce na ɓoye tata gaskiyar. Tana da ita, kuma ina ƙaunarta, ita ta huda mini kunne.

Ta iso da hantsi cikin farar laffaya, ana riƙe da ita, mata suka taso da wushe-wushe, sannu da zuwan Barebari. Maza suna waje ƙarƙashin rumfa ana saukar Alƙur'ani, ana fita da masa da gumba. Tsakar gida ta cika har ba wurin taka ƙafa. Bayan ta ɗan huta ta sa aka shimfiɗa mata darduma a ƙofar ɗakin Yaya, aka kawo babban kaskon da ta taho da shi, aka cika shi da garwashi daga murhun girki. Iskar ranar daga tsakar gida take shiga ƙofar ta fita ta taga, hanyar da ni da kaina na shirya mata.

Na zo na durƙusa a gabanta gwiwa biyu, na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, sannan na roƙe ta a matsar da kaskon taku goma kawai, zuwa gindin bishiyar lemo. Na yi mata bayanin famfo da maiƙo da kifin da ya mutu. Ta bar ni na gama tsaf. Hausarta dama ta Barebari ce, ba ta raba mace da namiji.

"Ni na goye shi," ta ce. "Kai kana ina lokacin? Ɗana ya mutu ban gan shi ba, yanzu ƙamshi ma ba zan ba shi ba saboda kifi?"

Na ce ba kifi kaɗai ba ne, akwai abin da ya raina shekara shida. Ta ce ita shi kansa ta raina shekara biyar. Mata suka yi ta gyaɗa kai, wata ta ce in tashi in ba mutane wuri. Na waiwaya wajen Iya, ta sunkuyar da kai tana kallon carbinta. Iya Babba ta buɗe kwalbar turaren ta zuba.

Ban taɓa jin ƙamshi irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Na shige ɗakin na rufe ƙofa, na toshe ƙasanta da zani, na cire wayar famfon daga batir don kada ya zuƙi abin da ya riga ya shigo. Sai na koma ɗebo ruwan da moɗa ina ɗaga hannu ina tsiyayo shi daga sama, yadda mai shayi ke yi, don kifayen su samu iska. Azahar ta yi, rufin kwano ya ɗau zafi, buhunan suka daina sanyi suka koma ɗumi. Ina kallon jan layin yana hawa. Ya taɓa alamar, ya wuce ta. Shuɗayen nan biyu da ba sa minti ɗaya ba su yi faɗa ba suka jeru a sama suna buɗe baki. Murjanin ya fara janye hannuwansa ɗaya bayan ɗaya, gefensa ya saki ya langaɓe.

Na yi zaton zubi ɗaya za ta yi ta tashi. Na buɗe ƙofa kaɗan na leƙa, sai na ga an ƙaro garwashi, kwalbar ko rabi ba ta yi ba, ga ta tana shaida wa mata cewa sai ta ƙare tas za ta bar wurin, ko da za a kai magariba. Na fito na sake durƙusawa. Wannan karon ban yi dogon bayani ba.

"Iya Babba, don girman Allah," na ce, "awa biyu kawai. Rana ta yi sanyi in rufe ƙofa, ki ci gaba har ya ƙare."

"Tashi ka ba ni wuri, mara kunya," ta ce. Ta ɗebo wani ta zuba a kan garwashin, hayaƙin ya tashi ya bi ta kaina ya shige ɗakin da na bari a buɗe.

Bokitin da nake jiƙa buhuna yana nan bakin ƙofa, a cike. Masu ba da labari suna cewa shaiɗan ne ya zuga ni, masu sassauci su ce zafin rashi ne ya taɓa mini kai. Ba ko ɗaya. Da hankalina na miƙe, na ɗauki bokitin da hannu biyu, na duba inda kaskon yake, na juye masa duka. Toka da tururi suka tashi, kaskon ya tsage gida biyu, kwalbar da ke gefensa a buɗe ta faɗi, abin da ya rage a cikinta ya bi ruwan. Baƙin ruwa ya gangara ya jiƙa dardumar, ya haura farar laffayarta har gwiwa. Ban nufe ta da ruwan ba, amma na san zai same ta, kuma ban fasa ba.

Daga waje karatun maza yana ci gaba. Iya Babba ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta dubi kaskon, ta miƙa hannu ta tsinci wani guntun itacen turare daga cikin caɓin, ta ƙulle shi a bakin laffayarta, ta ce a ɗaga ta. Ko abinci ba ta ci ba aka kai ta tasha. Rabin matan da suka zo daga Borno suka bi ta.

Ni kuwa na buɗe ƙofar hanhai, na yi ta kaɗa zani har hayaƙin ya fice, na ɗebo wani ruwan na jiƙa buhuna. Na yayyago farar takarda daga littafin makaranta ina shimfiɗawa a saman ruwan akwatin ina ɗagawa tana kwashe maiƙon, sannan na mayar da famfo. Ina cikin haka Baffa ya shigo har tsakiyar ɗakin da sandarsa ta korar shanu, ya rantse in bai fasa gilashin nan yau ba to ba shi ne ƙanin ubana ba. Na tsaya tsakaninsa da akwatin, hannuna yana ɗigar da ruwa, na ce masa ya fara da ni. Ya sauke sandar. Ya ce tun ina ƙarama ya san ba za a ƙare lafiya da ni ba, ya fita. Kafin la'asar sakaliya jan layin ya sauko ƙasa da alama.

Kwana huɗu ba wanda ya yi mini magana a gidan, tuwo ma a ƙofa ake ajiye mini. Ɗaya daga cikin shuɗayen ya mutu a rana ta biyu. Murjanin yana rufe. Na zauna da tunanin cewa wataƙila na tozarta tsohuwa a banza, kuma wannan tunanin ya fi zafin garin ƙuna. A rana ta biyar da safe na tarar ya miƙe tsaye, ya zubar da wata 'yar fatar yauƙi, hannuwa sun fito ko'ina a bayansa, fiye da yadda na gani tun rasuwar Yaya. Ina tsugune sai na ji motsi. Iya ce a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

"Ya buɗe?" ta ce.

Na ce ya buɗe.

Ta ce, "To tunda kin samu abin da kike so, ki shirya ki je Maiduguri ki ce wa yayata kin yi kuskure."

Na ce zan je. Zan durƙusa, zan sayi laffaya da kasko in kai, zan roƙe ta ta yafe mini baƙin cikin da na sa ta, don na sa ta, kuma yana damuna. Amma kalmar kuskure ba za ta fito daga bakina ba, saboda idan aka mayar da ni ranar aka mayar da bokitin, zan sake ɗauka. Iya ta ce to kada in je, yayarta ba laffaya ta rasa ba.

Na je duk da haka, bayan ruwan farko ya sauka gari ya yi sanyi, mai tirela ya kawo jarkoki. Sammako na yi don in dawo a ranar. Iya Babba ta bar ni a durƙushe a tsakar gidanta har ƙafata ta yi tsami, ba ta ko dubi kayan da na ajiye ba. Tambaya ɗaya ta yi mini.

"Ka yi daidai ko ba ka yi daidai ba?"

"Na ɓata miki, Iya Babba, ki yafe mini," na ce. "Amma da ban yi ba da ya mutu."

Ta ce in ɗauki kayana.

Murjanin ya tsallake wannan bazarar, ya rayu shekara bakwai a hannuna, har ya yi faɗin faifai, na yanki gefensa na ɗaura a wani dutse ya kama. Iya Babba kuwa shekara biyu ta ƙara a duniya. Iya ce ta je ta yi jinyarta. Da ta dawo ta ba mu labarin cewa da ciwo ya tsananta, yayarta ta kira sunayen waɗanda ta yafe wa ɗaya bayan ɗaya, har da maƙwabciyar da suka yi shari'ar katanga. Na jira har kowa ya watse, na tambayi Iya ko ta ambace ni. Ta ce ta ambace ni. Wai Iya Babba ta tambaya ko abin nan na ɗanta yana nan da rai, aka ce mata yana nan, sai ta juya fuskarta bango, ba ta ƙara cewa komai a kaina ba.

Na yi kuka ranar, don na so ƙwarai in ji ta yafe. Kalmar da na je nema a bakinta ba ta faɗa ba, wadda ta nema a nawa ni ma ban faɗa ba, kuma har yau ban faɗa ba.